Yadda Ake Gane Ko Zomanya Ta Ɗauki Ciki Bayan Barbarar Da Ba A Shirya Ba

Barbarar zomaye ba ta cin lokaci. Yaro ya bar ƙofar keji a buɗe, ko an saki zomaye biyu a tsakar gida su sha iska, ko kuma an sayo su a kasuwa a kan cewa dukansu mata ne, kafin a ankara ɗaya ya hau ɗaya kuma an gama. Daga nan tambayoyi biyu ke damun mai zomayen: ko namijin yana iya ba da ciki, da kuma ko macen ta ɗauka. Amsar ba ta samuwa a rana ɗaya, kuma ba ta samuwa daga kallon halayen dabbar kawai. Ana samun ta ne ta hanyar duba jikin namijin da hannu, da kuma ƙirga kwanakin macen tun daga ranar da abin ya faru.

Matakin farko: a raba su, a rubuta ranar

Kafin a shiga kowane bincike, a raba su nan take, kowa da kejinsa, kuma a bar tazarar da ta kai tafin hannu tsakanin kejin biyu, domin raga guda ɗaya ba kullum take hana namiji mai naci kaiwa ga mace ba. Sannan a rubuta kwanan watan a takarda ko a waya, a ɗauki washegari a matsayin rana ta 1. Duk abin da za a yi nan gaba ya rataya ne a kan wannan rubutu, don cikin zomo gajere ne ƙwarai: yawanci kwana 31, wani lokaci yakan zo tun daga kwana 28, wani lokaci ya kai 33. Wanda bai riƙe ranar ba zai rasa lokacin da ya dace a lalubi cikin, ya kuma rasa ranar da ya kamata a sa akwatin haihuwa.

Idan ba a san ainihin ranar ba saboda sun daɗe tare, sai a rubuta ranar da aka fara haɗa su da ranar da aka raba su. Haihuwa tana iya zuwa daga kwana 28 bayan ranar farko har zuwa kwana 33 bayan ranar ƙarshe.

Akwai kuskuren da masu kiwon tumaki da awaki sukan yi idan sun koma kiwon zomo, wato su kwantar da hankalinsu da cewa macen ba ta cikin lokacin neman namiji. Zomanya ba ta da irin wannan lokaci tsayayye. Barbarar ce kanta take sa ƙwai ya sauka, kimanin awa 10 zuwa 12 bayan an hau ta, saboda haka hawa ɗaya tak ya wadatar a kusan kowace rana ta wata. Shekaru ma ba abin dogaro ba ne sosai, domin ƙananan jinsuna irin su Dutch da Netherland Dwarf suna balaga tun suna wata 3 da rabi zuwa 4, matsakaita irin su New Zealand White da Chinchilla, waɗanda aka fi gani a hannun masu kiwo a ƙasarmu, sukan balaga a wata 4 zuwa 6, manya kuwa irin su Flemish Giant sukan ɗan jinkirta fiye da haka.

Abin da aka gani da ido

Hawa kaɗai ba hujja ba ce. Zomaye suna hawan juna don nuna wanda ya fi ƙarfi a keji: mace tana hawan mace, namiji yana hawan namiji, wanda aka fiɗiye yana hawa, har ta kai wani yakan hau ta wajen kai. Barbarar da ta kammala tana da alama da ba a ɓatan ta. Macen takan kwanta ta ɗaga bayanta da wutsiyarta, namijin ya yi motsi da sauri na ɗan lokaci, sannan ya sandare ya faɗi ta gefe ko ta baya, sau da yawa da ɗan gurnani ko ƙara, ya tashi yana buga ƙafar baya a ƙasa. Idan an ga wannan faɗuwa, a ɗauka an yi barbara. Idan macen ta manne da ƙasa ta danne wutsiyarta, ko ta yi ta gudu tana zagaye kejin, mai yiwuwa bai kai gare ta ba, amma wannan ba ya kore abin da ya faru a lokacin da babu mai kallo.

A tabbatar wane ne namiji, wace ce mace

Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki saboda mai sayarwa ya riga ya faɗa musu, alhali kuwa gane jinsin ƙaramin zomo yana rikitar da ko ƙwararru. A zauna a ƙasa a kan tabarma, a shimfiɗa tawul a cinya, a ɗauki zomon da hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirjinsa, ɗaya hannun yana tallafe da bayansa. Kada a ɗauke shi ta kunne, kuma kada a bar ƙafafun bayansa suna lilo, domin ƙashin bayan zomo ba shi da ƙwari, harbin ƙafa guda ɗaya cikin firgici yana iya karya shi. Ya fi kyau mutum biyu su yi aikin, ɗaya ya riƙe zomon a jikinsa, bayan zomon yana jingine da ƙirjinsa, ɗayan ya duba.

A ƙarƙashin wutsiya akwai kafa biyu kusa da juna. Wadda take dab da wutsiya ita ce dubura, ta gabanta kuma ita ce al'aura. A sa babban yatsa da manuniya a gefen ta gaban, a danna a hankali. Idan namiji ne, wani ɗan bututu mai zagayayyen baki zai fito, a babban zomo kuma azzakarin ne zai bayyana sosai. Idan mace ce, abin da zai fito tsaga ce doguwa mai tudu ta gaba, tana gangarawa zuwa wajen dubura. A gefe da gefe za a ga wasu 'yan aljihuna biyu na fata masu ɗauke da dauɗa ruwan ƙasa mai wari. Waɗannan ba ciwo ba ne kuma ba alamar jinsi ba ce, duka biyun suna da su.

Duba namijin

Wannan shi ne binciken da ya fi saurin ba da amsa, don haka a ba shi lokacinsa. 'Ya'yan marainan zomo ba a bayan azzakari suke ba kamar na rago ko bunsuru. Suna gefensa ne na dama da hagu, sun ɗan matso gaba, cikin jakunkuna biyu dogaye marasa gashi sosai, launinsu ja-ja ko mai ɗan duhu. Sukan sauko ne idan zomo ya kai mako 10 zuwa 12. Idan an gan su cike, maganar ta ƙare: ba a fiɗiye shi ba.

Inda ake ruɗuwa shi ne idan ba a gan su ba. Hanyar da ke tsakanin jakar maraina da cikin zomo a buɗe take har ƙarshen rayuwarsa, saboda haka idan ya tsorata, ko sanyin hunturu ya kama shi, yana iya janye 'ya'yan marainan su koma ciki, a ga jakar ta kwanta kamar babu komai. Mai zomo ya duba sau ɗaya ya ce ai fiɗiyayye ne, bayan wata guda ya tarar da 'ya'ya bakwai a keji. Abin da za a yi shi ne a bar shi ya natsu, a sake dubawa da rana tsaka lokacin da gari ya yi ɗumi, ko a lura da shi daga baya yayin da ya miƙe yana hutawa. Ana kuma iya ɗaga gabansa sama kaɗan a shafa mararsa a hankali zuwa ƙasa, sau da yawa sukan zamo su dawo cikin jakar. A maimaita wannan a ranaku biyu ko uku kafin a yanke hukunci. Wanda aka fiɗiye da gaske, jakunkunansa sukan yamutse su zama fata kawai, bayan wasu watanni ma gashi ya rufe wurin har da kyar a gane inda suke.

Ko da an tabbatar an yi masa aikin, sai an san ranar da aka yi. Namijin zomo yana iya ba da ciki har mako 4 zuwa 6 bayan fiɗiya, saboda maniyyin da ya rage a cikin jijiyoyin. Idan barbarar ta faɗo cikin wannan tsakani, a lissafa shi a matsayin cikakken namiji. A kwanakin farko bayan aikin kuma jakar takan kumbura har a zaci ba a cire komai ba, wannan kumburin yakan sace da kansa.

A nan ya kamata a faɗi gaskiyar yadda kasuwa take. A Turai da Amurka, inda ake ajiye zomo a ɗaki a matsayin dabbar gida, fiɗiya abu ne da aka saba, kuma gidajen da ke karɓar dabbobin da aka yasar sukan bayar da su da takardar aikin. A wurinmu akasarin zomayen da ake sayarwa sun fito ne daga hannun masu kiwo don nama da hayayyafa, waɗanda ba su da dalilin kashe kuɗi a kan tiyata. Idan babu takardar asibitin dabbobi, ko sunan likitan da za a iya tambaya, a ɗauki maganar cewa an fiɗiye shi a matsayin zance kawai. Kuma kada wani ya gwada dandaƙa irin ta raguna ko ɗaure maraina da roba a kan zomo. Saboda waccan buɗaɗɗiyar hanya, aikin yana buƙatar likita ya sa masa maganin barci ya kuma rufe wurin, in ba haka ba hanji yana iya zurarowa.

Duba macen

Gane ko an cire wa zomanya mahaifa ya fi wuya nesa ba kusa ba, domin duk abin yana ciki. Tabon aikin siriri ne, a tsakiyar ciki daga cibiya zuwa ƙasa, kuma gashi yana rufe shi cikin 'yan makonni. Ana iya jiƙa gashin da ruwan ɗumi a buɗa shi da yatsa a wuri mai haske, ko likita ya aske wurin ya duba. Wasu asibitocin ƙasashen waje suna yin ɗan zane kore ko shuɗi kusa da tabon don a gane. Rashin ganin tabo ba ya nufin ba a yi aikin ba, ganinsa ma ba ya tabbatarwa ɗari bisa ɗari, tunda ana buɗe ciki saboda wasu dalilai. Halayenta, kamar faɗa idan an sa hannu a kejinta, ko haƙa ƙasa, ko naman da ke lilo a ƙarƙashin haɓarta, ba sa yanke hukunci. Hanyar da ta fi kusa da tabbas ita ce hoton ciki a asibitin dabbobi. In ba a samu haka ba, a ɗauke ta a matsayin mai mahaifa, a ci gaba da ƙirga.

Daga rana ta 10 zuwa ta 14: lalube

A makon farko babu abin da za a gani. Wasu mata sukan ƙara faɗa ko gurnani, wasu su ƙara cin abinci, wasu kuwa ba su canja komai, kuma duk waɗannan suna faruwa ga wadda ba ta da ciki. Lokacin da hannu yake iya gane ciki shi ne daga rana ta 10 zuwa ta 14, kuma ta 12 zuwa ta 14 sun fi sauƙi ga wanda bai saba ba.

A ajiye ta a kan tebur mai shimfiɗa da ba ta santsi, kanta yana fuskantar mai dubawa. Hannu ɗaya ya dafa kafaɗunta a hankali, ɗayan ya shiga ƙarƙashin cikinta, tafin yana kallon sama, ya tsaya a gaban ƙafafun baya. A jira har sai ta saki jikinta, domin idan ta ɗaure ciki ba za a ji komai ba. Sannan a sa babban yatsa a gefe ɗaya, sauran yatsun a ɗaya gefen, a riƙa zame su gaba da baya ba tare da matsawa ba. 'Ya'yan da ke ciki a wannan lokaci ana jin su kamar 'ya'yan kanya nunannu, zagayayyu masu ɗan taushi da santsi, a jere, suna sulɓewa daga tsakanin yatsu. Abin da ake yawan ruɗa su da shi shi ne kashin da ke cikin hanji, amma shi kashi ƙanana ne, masu tauri, kuma sun fi kusa da ƙashin baya. Ƙoda ma tana ruɗar da mutum, sai dai ita tana sama kuma ba ta yawo.

A ganina, wanda bai taɓa yin wannan ba ya fi masa alheri ya kai ta wurin likitan dabbobi ko wani tsohon mai kiwo ya nuna masa a karon farko, domin matsi kaɗan ya isa ya kashe abin da ke ciki. Bayan rana ta 14 kuma a daina lalube gaba ɗaya, saboda daga nan haɗarin ɓari yana ƙaruwa, 'ya'yan ma sun fara tsawo suna sajewa da hanji. Wanda yake kusa da babban asibitin dabbobi, irin na koyarwa da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri, yana iya tambaya ko suna yin hoton ciki ga ƙananan dabbobi, domin a wannan tsakanin na'urar tana nuna cikin ba tare da an matsa komai ba.

Sikelin kicin ma yana taimakawa. A auna ta a rana ta 1, sannan kowane mako a lokaci guda kafin a ba ta abinci. Nauyin da ke hawa a mako na uku da na huɗu alhali abincinta bai canja ba alama ce mai ƙarfi, sai dai mai ɗauke da ɗa ɗaya ko biyu tana iya kaiwa ranar haihuwa ba a ga wani bambanci ba.

Akwai dabarar da wasu masu kiwo suke yi, wato su mayar da macen wurin namiji bayan mako biyu, idan ta ƙi shi su ce tana da ciki. Wannan ba gwaji ba ne. Wasu masu ciki suna yarda da namiji, wasu marasa ciki suna ƙin sa, kuma idan da ma ba ta ɗauka ba, to yanzu an ba ta cikin da ake gudu.

Cikin ƙarya

Tunda hawa ne yake sa ƙwai ya sauka, hawan fiɗiyayyen namiji ko na wata macen yana iya sa jikin zomanya ya ɗauka tana da ciki alhali babu komai. Nonuwanta su kumbura, ta riƙa faɗa, ta cika bakinta da ciyawa tana kaiwa lungu, ta tsige gashin ƙirjinta tana shimfiɗawa. Abin da ke raba wannan da cikin gaske shi ne ranar da aka rubuta tun farko. Cikin ƙarya yakan ƙare a rana ta 16 zuwa ta 18, kuma a lokacin ne take yin sheƙar. Mai cikin gaske takan fara tara ciyawa a kwanaki na ƙarshe, tsigar gashi kuwa sau da yawa sai saura kwana ɗaya, ko ma 'yan awanni kafin haihuwa. Saboda haka sheƙa a rana ta 17 ta fi nuna babu ciki. Cikin ƙarya ba ya buƙatar magani, a bar mata sheƙarta na 'yan kwanaki, a kwashe idan ta daina kula da ita. Duk da haka kada a mayar da ita wurin namiji, kuma a ci gaba da ƙirga har rana ta 35, domin akwai ɗaiɗaikun mata da ke yin sheƙa da wuri kuma su haihu.

Idan an tabbatar da cikin

Wanda ba ya son 'ya'yan ya yi magana da likita da wuri. Ana iya cire mahaifar tare da cikin, kuma aikin ya fi sauƙi a makonni biyun farko kafin jijiyoyin jinin wurin su cika. Yana da wani amfani na daban, domin sankarar mahaifa ta yawaita a zomayen mata da suka wuce shekara 3 zuwa 4. A nemi likitan da ya saba da zomo, kuma a sani cewa ba a hana zomo abinci kafin tiyata kamar yadda ake yi wa kare ko kyanwa, saboda shi ba ya amai, kuma hanjinsa ba ya son tsayawa. Kada a ba ta wani maganin zubar da ciki na mutane ko na gargajiya.

Wanda zai bar cikin kuma, ya wadata ta da busasshiyar ciyawa ko harawa mai tsabta dare da rana, da ruwa mai sanyi da ba ya yankewa, ya ƙara mata dusa ko abincin zomo kaɗan-kaɗan a rabin cikin na biyu ba tare da ta yi ƙiba ba. A rage ɗaukar ta. Idan cikin ya faɗo a bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi shi ne babban abin tsoro, domin zomo yana shiga wahala da zarar zafi ya haura digiri 30, kuma mai ciki tana iya ɓari ko ta mutu. A mayar da kejin inuwa mai iska, nesa da kwanon rufi, a rataya jiƙaƙƙen buhu a gefe, ko a ajiye mata gorar ruwa mai ƙanƙara ta jingina da ita.

A rana ta 28 a sa akwatin haihuwa, wanda ya ɗan fi ta girma, mai ƙaramin shinge a bakinsa don kada jarirai su mirgino waje, a cika shi da busasshiyar ciyawa mai laushi. Idan an sa shi da wuri sosai takan mayar da shi wurin kashi. A ajiye shi nesa da kusurwar da take fitsari. Haihuwar takan zo da dare ko da asuba, kuma yawanci ba ta wuce rabin awa. 'Ya'yan sukan fito babu gashi, idanunsu a rufe, daga 4 har zuwa 12 gwargwadon jinsi, kuma sai wajen kwana 10 suke buɗe ido. Da safe a wanke hannu a duba sheƙar, a cire wanda ya mutu, a mayar da wanda ya faɗo waje cikin 'yan'uwansa. Kada a damu idan ba a ga uwar a kansu ba, domin sau ɗaya ko biyu take shayarwa a yini, na 'yan mintuna, galibi da dare. Jaririn da ya ƙoshi cikinsa a cike yake, fatarsa ba ta yamutse ba.

A garzaya wurin likita idan ta daina ci ko ta daina kashi na tsawon awa 12, ko jini yana fita kafin lokaci, ko tana yunƙuri babu abin da ya fito, ko an tabbatar da ciki amma ta wuce rana ta 33 shiru. Raguwar ci kaɗan a ranar da za ta haihu ba abin tsoro ba ne, amma kwanciya da rashin kuzari a makon ƙarshe, musamman ga mai ƙiba, ciwo ne mai kisa cikin sauri. Kada a yi mata allurar naƙuda a gida, kuma kada a ɗura mata Ampiclox ko Amoxicillin da aka sayo a kemis, domin irin waɗannan magunguna idan zomo ya sha su ta baki suna kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci a hanji, ya kamu da zawo ya mutu.

Namijin ya ci gaba da zama a kejinsa bayan haihuwa, domin zomanya tana iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu. 'Ya'yan su zauna da uwarsu har mako 6 zuwa 8, sannan kafin su cika mako 10 a duba jinsin kowane ɗaya da irin dubawar da aka bayyana a sama, a raba maza da mata, a kuma sake dubawa bayan mako biyu, saboda a wannan lokacin ne aka fi ɗaukar namiji a matsayin mace.